Otal ɗin Parc na garin Vichy: tambayoyi da amsoshi kan masaukin masu shan ruwan magani da ya zama fadar gwamnati

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga bakin ɗaliban tarihi, da malaman Faransanci masu zuwa kwas a garin Vichy, da mutanen da suka ga sunan a jikin kwalbar ruwa ko man shafawa, suka kuma ji shi a darasin Yaƙin Duniya na Biyu, suka rasa yadda za su haɗa biyun. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi.

Ina ne Vichy, kuma mene ne Otal ɗin Parc?

Vichy ƙaramin gari ne a tsakiyar ƙasar Faransa, a bakin kogin Allier, mai mutane kimanin 25,000. Daga Paris tafiyar awa uku ce a jirgin ƙasa, babban birnin da ya fi kusa da shi kuma shi ne Clermont-Ferrand. Arzikin garin ruwa ne, wanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa ɗauke da ma'adinai, wani da zafi wani da sanyi.

Otal ɗin Parc, wato Hôtel du Parc, yana fuskantar lambun da ke tsakiyar unguwar maɓuɓɓugai, daga lambun ne ma ya samo sunansa. A farkon ƙarni na 20 yana cikin manyan masaukan garin, ƙarƙashin jagorancin Joseph Aletti, wanda ya haɗa otal-otal da dama a hannunsa, har da Majestic da Carlton da Thermal. Daga 1940 zuwa 1944 nan ne shugaban ƙasar Faransa, Mashal Philippe Pétain, ya kwana, ya ci abinci, ya yi aiki.

Wane irin ruwa ne wannan da har za a gina otal saboda shi?

Ruwa ne mai ɗauke da sinadarin bikabonet na sodiyam da iskar da ke sa shi tartsatsi a baki. Duk wanda ya taɓa jiƙa kanwa ya sha don ciwon ciki zai gane ɗanɗanonsa nan take, domin dangin sinadari ɗaya ne. Ruwan maɓuɓɓugar Célestins, wanda ake zubawa a kwalba ana sayarwa, yana da kusan giram 3 na bikabonet da sama da giram 1 na sodiyam a kowace lita.

Maɓuɓɓugan suna da yawa, kowace da sunanta da zafinta. Célestins tana fitowa da ɗumin da bai wuce digiri 22 ba, Lucas 27, Hôpital 34, Grande Grille 39, Chomel kuwa ta kai 43. Masu zafin suna da ɗan warin da baƙo kan yamutsa fuska a kurɓar farko. Likitocin garin sun raba musu aiki tun da daɗewa: wannan ta hanta, waccan ta ciki da hanji.

Tun yaushe mutane ke zuwa shan ruwan?

Tun zamanin Rumawa, waɗanda suka san wurin da sunan da ke nufin ruwan zafi. Amma shaharar ta fara ne da manyan mutanen Faransa. Marubuciyar wasiƙun nan Madame de Sévigné ta zo a 1676 da 1677 saboda ciwon gaɓoɓin hannu, 'ya'yan Sarki Louis na 15 mata biyu suka zo a 1785, mahaifiyar Napoleon ta zo a 1799. Lambun da otal ɗin ke kallo an kafa shi ne da umarnin Napoleon a 1812.

Wanda ya mayar da ƙauye birni shi ne Napoleon na Uku, sarkin Faransa na wancan lokaci. Ya zo jinya sau biyar tsakanin 1861 da 1866, kuma inda sarki ya sauka nan fadawa da attajirai ke sauka. Aka buɗe tashar jirgin ƙasa a 1862, gidan caca da shaƙatawa a 1865, aka yi wa kogi madatsar ambaliya, aka shimfiɗa tituna da lambuna. A farkon ƙarni na 20 aka ƙara babban zauren waƙe-waƙe da wasanni a jikin gidan cacar. Zuwa shekarun 1930 masu zuwa jinya sun haura 100,000 a shekara, garin ya cika da otal-otal da gidajen haya ɗaruruwa. A riƙe wannan adadi, domin shi ne amsar tambayar da ke gaba kan dalilin zuwan gwamnati.

Yaya rayuwar mai jinya take a irin wannan otal?

A wancan zamani jinyar mako uku ce, lokacinta kuma daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba. Da isowarsa mutum zai ga likita, a rubuta masa maɓuɓɓugar da zai sha, da yawan abin da zai sha, da sa'o'in sha. Yana da kofinsa na gilashi mai zanen awo a jiki, wanda ake ɗauka cikin ɗan kwandon saƙa mai mariƙi. Da sassafe, kafin karin kumallo, zai fito daga otal ya tsallaka titi ya shiga lambu, ya bi rumfar ƙarfe mai tsawo da ke kare shi daga ruwan sama da rana, har ya isa zauren maɓuɓɓugai. A can akwai mata ma'aikata cikin kayan aiki iri ɗaya, su ke karɓar kofi su cika daidai awon da likita ya rubuta su miƙo. Zai sha a hankali, ya taka na ɗan lokaci, ya dawo ya ƙara.

Bayan haka sai gidan wanka: a jiƙa mutum a baho, ko a watsa masa ruwa da ƙarfi ta mesa, ko a yi masa tausa ruwa na zubo masa. Da rana a ci abincin da likita ya yarda da shi, a huta, a saurari makaɗa a lambu. Da dare a tafi kallon wasa ko teburin caca. Otal irin Parc ba ruwa yake sayarwa ba, domin a wancan lokaci ruwan mallakar gwamnati ne, wani kamfani ke gudanar da shi da izininta tun 1853. Abin da otal ke sayarwa shi ne gado mai kyau, da abinci, da kusanci da lambu, da damar a gan ka cikin manya. Aure da ciniki da siyasa da yawa an ƙulla su a wannan zirga-zirga tsakanin kofi da kofi.

Da gaske ruwan yana magani?

Yana taimakawa a wasu abubuwa, kuma an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Bikabonet yana rage tsamin ciki, don haka mai ƙwannafi ko kumburin ciki bayan cin abinci mai maiƙo yana jin sauƙi. Wanka da ruwan ɗumi da tausa suna sassauta ciwon gaɓoɓi. Sannan mutumin da ya bar giya da cin nama fiye da kima na mako uku, yana tafiya a ƙasa kullum, yana barci da wuri, dole ya koma gida da sauƙi ko da ruwan rijiya ya sha.

Ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ya warkar da ciwon sukari, ko da yake a da an tallata shi ga masu waɗannan cututtuka. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda kada ya mayar da shi ruwan shan yau da kullum sai da shawarar likita, saboda yawan sodiyam da aka ambata a sama.

Me ya haɗa wannan gari da mulkin mallaka a Afirka?

Hanta ce ta haɗa su. Bafaranshen da ya yi shekara biyu ko uku a Aljeriya, ko Madagaska, ko Afirka ta Yamma, yakan koma gida da kumburarriyar hanta da saifa, sakamakon zazzaɓi da atini da yawan shan kwinin, ga kuma giya. Likitocin wancan zamani sun yi imani ruwan Vichy yana wanke wannan gajiya ya mayar da mutum bakin aiki. Tun 1847 soja suka buɗe asibitin jinyar ruwa a garin, akasari don dakarun da suka dawo daga Aljeriya. Daga baya aka yi gida na musamman don 'yan mishan masu dawowa hutu.

Saboda haka kwamandan da ke karɓar haraji a Damagaram ko Tawa, in lokacin hutunsa ya yi, akwai yiwuwar a lambun Vichy za ka same shi da kofi a hannu, yana hira da takwaransa na Indocina ko Kwango. Garin ya zama mahaɗar ma'aikatan mulkin mallaka, inda ake jin labarin canjin wurin aiki da ƙarin girma. Wannan ɓangare na tarihin ba a cika faɗinsa ba, alhali kuɗin da ya cika otal-otal ɗin, wani kaso nasa daga gumin talakawan ƙasashen da aka mallaka ya fito.

Me ya sa gwamnatin Faransa ta bar manyan birane ta zo nan a 1940?

Saboda ɗakuna. Da Jamus ta karya sojojin Faransa a watan Yunin 1940, gwamnati ta gudu daga Paris zuwa Tours, daga nan zuwa Bordeaux. Aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta ranar 22 ga Yuni, wadda ta raba ƙasar biyu: arewa da gaɓar yamma a hannun Jamus, kudu a hannun gwamnatin Pétain. Bordeaux ta faɗa yankin Jamus, sai aka koma Clermont-Ferrand, aka tarar babu wurin da zai ɗauki ma'aikatu. Ranar 1 ga Yuli aka taho Vichy.

Garin da ya saba saukar da baƙi sama da 100,000 a shekara yana da gadaje da dakunan girki da ma'aikatan hidima a shirye. Yana da sabuwar cibiyar wayar tarho da aka gina don attajiran baƙi masu kiran ƙasashen waje. Yana da layin dogo zuwa Paris, ga shi kusa da iyakar da ta raba yankunan biyu. Lyon da Marseille da Toulouse sun fi shi girma, amma suna da ma'aikatan masana'antu da 'yan siyasa masu ƙarfi da sabuwar gwamnati ba ta son zama a tsakiyarsu. Ƙari ga haka, gidan Pierre Laval, ɗan siyasar da ya fi kowa tura shirin kafa sabuwar gwamnatin, yana ƙauyen Châteldon, kimanin kilomita 20 daga garin. Ranar 10 ga Yuli 'yan majalisa suka taru a zauren wasannin gidan caca, 569 suka miƙa wa Pétain cikakken iko, 80 suka ƙi.

Yaya aka yi otal ya zama ofishin gwamnati?

An ƙwace otal-otal ne aka raba wa ma'aikatu. Ba sabon abu ba ne ga garin, domin a Yaƙin Duniya na Ɗaya an mayar da manyan otal-otal ɗinsa asibitocin soja. Pétain, mai shekara 84, ya ɗauki ɗakuna a hawa na uku na Parc, ɗaya ofis ɗaya ɗakin kwana. Laval yana hawa na biyu, ma'aikatar harkokin waje ma a cikin ginin take. Ma'aikatar yaƙi ta shiga Thermal, ta sojan ruwa Helder, ta kuɗi Carlton, ta ƙasashen da ake mallaka Britannique, ta cikin gida kuwa gidan caca. Jakadun ƙasashe kusan 40 suka biyo, har da na Amurka, Admiral William Leahy, wanda ya zauna daga 1941 zuwa 1942.

Ɗakin da aka yi don baƙo ɗaya ya zama ofishin mutum uku ko huɗu. Ana ture gado gefe a sa tebur, ana jibge fayil-fayil a bahon wanka. Yawancin gine-ginen an yi su ne don lokacin zafi, sai ga hunturun 1940 ya zo da tsanani, ga ƙarancin gawayi, magatakarda suna rubutu sanye da manyan riguna. A ƙofar Parc kuwa ana faretin canjin masu gadi ranar Lahadi, ana kawo 'yan makaranta su yi wa tsohon waƙa, shi kuma yana fita tattaki kullum tare da likitansa Bernard Ménétrel.

Matsatsin ya haifar da gulma da makirci. Ranar 13 ga Disamba 1940 Pétain ya tara ministocinsa ya ce kowa ya sa hannu a takardar murabus, sannan ya karɓi ta Laval da ta ministan ilimi kaɗai. Aka tsare Laval a gidansa, sai da jakadan Jamus Otto Abetz ya zo da kansa aka sake shi. A watan Afrilun 1942 Jamusawa suka sa aka mayar da shi kan mulki da ƙarfin da ya fi na da.

Wane mugun abu aka zartar daga wannan gini?

Mafi muni shi ne abin da aka yi wa Yahudawa. Ranar 3 ga Oktoba 1940 gwamnatin ta fitar da dokar da ta kore su daga aikin gwamnati da koyarwa da aikin jarida, ba tare da Jamus ta tilasta mata ba. A 2010 lauya Serge Klarsfeld ya fito da daftarin dokar ɗauke da gyare-gyaren hannu da aka danganta ga Pétain, waɗanda suka ƙara mata tsanani. A ranakun 16 da 17 ga Yulin 1942 'yan sandan Faransa suka kama Yahudawa sama da 13,000 a Paris, cikinsu yara sama da 4,000. Ranar 26 ga Agusta aka kama wasu kimanin 6,500 a kudu, yankin da Jamus ba ta mamaye ba a lokacin. Jimillar waɗanda aka kwashe daga Faransa zuwa sansanonin kisa ta kai kusan 76,000, waɗanda suka dawo da rai ba su wuce 'yan dubbai ba.

Ofishin kula da al'amuran Yahudawa yana Otal ɗin Algeria, 'yan sandan sirrin Jamus suna Otal ɗin Portugal inda ake azabtar da mutane, duk tafiyar 'yan mintoci daga lambun shan ruwa. Sai a 1995 wani shugaban Faransa, Jacques Chirac, ya fito fili ya amsa cewa ƙasar tana da alhaki a kamen.

Wannan gwamnati ta shafi Nijar da Najeriya da Cadi?

Ƙwarai kuwa. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyane da ke Kudancin Amurka, ya juya wa Pétain baya ranar 26 ga Agusta 1940 ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, washegari Kamaru ta biyo. Babban gwamnan Afirka ta Yamma da ke Dakar, Pierre Boisson, shi ya tsaya tare da Pétain, har ya kori jiragen ruwan Birtaniya da na de Gaulle da suka zo karɓar Dakar a watan Satumba. Nijar tana ƙarƙashinsa, don haka ta zauna a hannun gwamnatin Vichy har Nuwamban 1942.

Sai iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, da Kano da Damagaram, da Sakkwato da Birnin Ƙonni ta zama iyakar ɓangarori biyu masu gaba. Aka taƙaita fatauci, kaya suka yi ƙaranci, fasa-ƙwauri ya ƙaru, mutane da yawa suka tsallaka Najeriya don gudun aikin tilas da ƙwacen hatsi da dabbobi. A ɗaya gefen, jiragen yaƙin da Birtaniya ke haɗawa a Takoradi suna sauka Kano da Maiduguri, su bi ta Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yanzu, zuwa Khartoum da Masar, hanyar da matakin Éboué ya tabbatar da ita. Gaskiya guda da ya kamata a faɗa: aikin tilas ya girmi gwamnatin Vichy kuma ya rayu bayanta. Sai a watan Afrilun 1946 aka soke shi, da dokar da Félix Houphouët-Boigny na Côte d'Ivoire ya gabatar a majalisar Faransa.

Yaya zaman gwamnatin a otal ɗin ya ƙare?

Tun Nuwamban 1942, da Jamus ta mamaye kudancin ƙasar, ikon da ya rage wa Pétain na suna ne. Da safiyar 20 ga Agusta 1944 sojojin Jamus suka fasa ƙofofin Parc suka hau hawa na uku suka tafi da shi, daga baya aka kai shi Sigmaringen a Jamus. Jakadan Suwizalan, Walter Stucki, yana wurin a matsayin shaida, shi ne kuma ya shiga tsakani har garin ya koma hannun 'yan gwagwarmayar yaƙar mamayar Jamus bayan kwana shida ba tare da an ragargaza shi ba. An yanke wa Pétain hukuncin kisa a 1945, de Gaulle ya mayar da shi ɗaurin rai da rai, ya mutu a tsibirin Yeu a 1951 yana da shekara 95. Laval an harbe shi ranar 15 ga Oktoba 1945.

Me ya sa ginin bai ci gaba da zama babban otal ba?

Sunan ya ɓaci, kasuwar ma ta canza. Daga 1947 asusun inshorar lafiya na Faransa ya fara biyan kuɗin jinyar ruwa, sai masu zuwa suka zama ma'aikata da 'yan fansho masu neman ɗakin haya mai araha. Attajirai suka koma hutun bakin teku. Magungunan zamani suka rage dogaro da ruwa. Sannan abin da aka bayyana a tambayar mulkin mallaka ya juyo wa garin: da ƙasashen Afirka da dama suka samu 'yanci a 1960, Aljeriya a 1962, babban rukunin abokan cinikinsa ya watse. Aka yanka Parc gida-gida aka sayar, kamar yadda aka yi wa manyan otal-otal da dama na garin.

Garin ya nemi wata hanyar ci. Magajin gari Pierre Coulon ya sa aka tare kogin Allier aka yi tafki don wasannin ruwa, aka buɗe cibiyar koyar da Faransanci ta CAVILAM a 1964, wadda ke karɓar ɗalibai da malamai daga ƙasashe da yawa. Man shafawar da ke ɗauke da sunan garin an kafa shi tun 1931, yanzu yana hannun L'Oréal. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Vichy cikin garuruwan ruwan magani 11 na Turai da ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Mutanen garin suna da laifi a abin da ya faru?

Ba su suka gayyato gwamnatin ba, an sauke musu ita ne saboda dalilan da aka lissafa a baya, kuma suna jin zafin yadda sunan garinsu ya zama sunan cin amana a littattafan duniya. Da yawansu sun fi son a ce gwamnatin Pétain. Wannan koke yana da tushe. Amma garin ya daɗe yana kawar da kai daga shekarun nan huɗu, baƙo zai iya wuce Parc ko Portugal bai san abin da ya faru a ciki ba. A ganina kare sunan gari ba ya buƙatar shiru. Garin da ya fi kowa sanin ɗakunan da aka yi aikin shi ya fi cancanta ya nuna su ga jama'a.

In na je yau, me zan iya gani?

Ginin Parc yana nan a tsaye, amma gidajen mutane ne, ba a shiga. Ɗakunan Pétain suna hannun wata ƙungiya ta masu kare sunansa, ba a buɗe su ga jama'a. A lambun da ke fuskantar ginin akwai dutsen tunawa da Yahudawan da aka kama ranar 26 ga Agusta 1942, a jikin zauren wasanni kuma akwai allon girmama 'yan majalisa 80 da suka ƙi, inda ake taron tunawa da su duk ranar 10 ga Yuli. Ofishin yawon buɗe ido da ke kan titin lambun yana shirya zagaye da ɗan jagora kan shekarun yaƙin, shi ne hanya mafi sauƙi ta gane wane gini ne wace ma'aikata ta zauna. Tsohon otal ɗin Thermal yana aiki har yanzu da sunan Aletti Palace, ga mai son ganin yadda cikin irin waɗannan masaukai yake.

Ruwan Célestins kyauta ne a maɓuɓɓugarsa, mutanen gari suna zuwa da kwalabe suna ɗiba. Masu zafin, irin su Chomel da Grande Grille, ruwan jinya ne da likita ke rubutawa. Je da kofinka, ka fara da kaɗan, domin cikin da bai saba ba yana iya motsawa.